Yadda ake fitar da riɗi daga Gusau ta tashar kan tudu

Tashar kan tudu fili ne nesa da teku da aka ba ikon tashar jiragen ruwa: akwai kwastam, akwai sikeli da injin ɗaga kwantena, layin dogo ko hanyar mota kuma ya haɗa ta da tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Kayan da aka duba aka rufe a can, a ƙa'ida ba a sake buɗe su a Legas. A 2006 gwamnatin tarayya ta amince da wurare shida, ciki har da Funtua da Zawaciki a Kano, amma aikin ya daɗe yana tafiyar hawainiya. Ta Kaduna da ke Kakuri aka fara buɗewa a Janairun 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a Janairun 2023, sannan ta Funtua a 2024. Ga ɗan kasuwar Zamfara Funtua ce mafi kusa, kuma tana kan tsohon layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga.

Takarda ake fara yi, kafin a sayi ko buhu ɗaya. Ka yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC, sannan bankinka ya buɗe maka fom ɗin NXP, wato takardar bayyana kayan da za a fitar waje. Za ka biya kuɗin duba kaya, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajarsu. Hukumar killace tsirrai da dabbobi, NAQS, ita ke ba da shaidar lafiyar riɗin. Kuɗin cinikin kuwa doka ta ce su dawo ta bankin cikin kwana 180.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen shirya kayan. Riɗin da aka tara a kasuwannin ƙauye yakan zo da yashi da ƙaiƙayi, don haka sai an kai shi injin tacewa. A tabbatar danshinsa bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba, da na'urar awo, ba da tauna ƙwaya a baki ba. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin tan 19, wato buhu 380 masu kilo 50. Kafin a yi lodi, mutum ɗaya ya shiga ciki a rufe ƙofa. In ya ga haske ko kamar na ƙofar allura, ruwa zai bi nan, a mayar da ita. A shinshina katakon ƙasa saboda warin mai ko magani, don riɗi yana jan wari. Sai a shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa da bango, a rataya jakunkunan tsotse laima. Dalili shi ne ƙarfen yana ɗaukar zafi da rana ya huce da dare, gumi ya taru a rufi ya riƙa ɗiga kan buhunan sama, kafin a isa sun yi fumfuna. Maganin ƙwari kuma a bar wa masu lasisi. Zuba shi da ka ya sa an sha mayar da kayan Najeriya daga tashoshin waje.

Bayan kwastam sun duba, ana auna kwantenar cike, don tun Yulin 2016 ba a ɗora wadda ba a tantance nauyinta ba a jirgin ruwa. Sai a ɗaura hatimi. Ka karanta lambarsa da idonka, ka gwada da abin da aka rubuta a takarda. Harafi ɗaya in ya saɓa, kaya na iya kwana makonni a Apapa.

Sai maganar jirgin ƙasa, wadda bai kamata a ɓoye ba. Tsohon layin ƙarami ne, faɗinsa milimita 1,067, tarago ba ya wadata, damina kuma kan wanke shi a wasu wurare. Saboda haka kwantena da yawa tirela ce ke kai su Legas, ƙarƙashin hatimin kwastam. Ka tambayi ejan ɗinka, wato mai bi maka takardun kwastam da sufuri, tun farko ko da jirgi za a tafi ko da mota, da ranar tashi, ya rubuta maka. Kamfanin jirgin ruwa yana ba da 'yan kwanaki ne kyauta kan kwantenarsa, suna cika kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum.

Mai shigo da kaya kuma abu ɗaya ya riƙe: tun a ƙasar da aka yi lodi, takardar lodin jirgin ruwa da fom M, wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, su nuna tashar kan tudun a matsayin zangon ƙarshe. In an rubuta Apapa kawai, a Apapa kwastam za su duba kayan su sake su, sai dai a nemi gyaran takarda, shi ma da kuɗinsa da ɓata lokacinsa.