Yadda ake ɗaga Ubuntu zuwa sabon zubi a kwamfutocin gida ba tare da data ta ƙone ba

In kwamfuta ta wuce ɗaya a gida, ba a sabunta babbar manhajarsu a dare guda. Bi da bi ake yi, kuma wadda za ta fara shiga ita ce wadda ko ta ƙi tashi gobe da safe babu mai ɗaga murya. A gidanmu a Kawo kwamfuta huɗu ne, duka a kan Ubuntu, wato babbar manhaja ta dangin Linux da ke tafiyar da kwamfuta: tsohuwar laftof 'yar gwanjo da ƙanena ya bari, ta tebur da yara ke gwajin tambayoyin JAMB a kanta, ta uwargida wadda lissafin kasuwancinta na atamfa da leshi ke ciki, sai tawa. A wannan jerin nake bin su. Tawa ce ta ƙarshe, domin in wata ta rikice ina bukatar lafiyayyar kwamfuta a hannu da zan nemi mafita da ita.

Kafin komai ka san inda kowacce take. Buɗe Terminal ka rubuta lsb_release -a, za ta faɗa maka zubin da ke kai. Kamfanin Canonical, mai yin Ubuntu, yana fitar da zubi mai dogon zango, wanda ake kira LTS, a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kuma yana kula da kowanne shekara biyar kyauta. Lambar ma kwanan wata ce: 22.04 na nufin Afrilun 2022, 24.04 kuma Afrilun 2024. Na 20.04 kulawarsa ta yau da kullum ta ƙare a 2025, na 22.04 zai kai 2027. Ba a tsallake: mai 20.04 dole ya bi ta 22.04 kafin ya isa 24.04. A ganina in kwamfuta ta yi nisa a baya haka, gara a kwashe kayan ciki a zuba mata sabo daga filas, ya fi sauri kuma ya fi tsabta. Ka duba uname -m ma. In ta nuna x86_64 ka ci gaba. In i686 ka gani, wannan hanyar ba tata ba ce, don Ubuntu ya daina fitar da zubin irin waɗannan tsofaffin injuna tun bayan 18.04.

Sai kwashe kaya. Duk abin da ke cikin /home na kowa ka kwafe shi a wani faifan ajiya na waje, har da ɓoyayyun fayilolin da sunansu ke farawa da ɗigo, waɗanda Ctrl da H ke fito da su. Kada ka tsaya a kan cewa an kwafe. Cire faifan, soka shi a wata kwamfutar, buɗe fayilolin ka ga suna buɗuwa. Uwargida takan tsaya a kaina a wannan gaɓar: "Abban yara, buɗe min na masu bashi in gani da idona." Tana da gaskiya. Sabuntawa ba ta cika taɓa fayilolin mutum ba, amma sunayen waɗanda suka karɓi kaya kafin Sallah ba abin caca ba ne.

Ina kuma ajiye filas mai giga takwas da aka zuba wa sabon zubin, wanda nauyinsa ya kai wajen giga shida. Amfaninsa biyu. Za ka iya tayar da kowace kwamfuta daga filas ɗin ba tare da ka taɓa abin da ke cikinta ba, ka gwada ko Wi-Fi da sauti da firinta suna aiki. In kuma abu ya lalace a tsakiya, da shi za ka shiga ka ceto kaya.

Yanzu batun data, wanda shi ne ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Kowace kwamfuta in ka bar ta, za ta sauko da kayanta ita kaɗai, giga ɗaya ko biyu ko fiye, alhali yawancin kayan iri ɗaya ne. Maganin wannan wata 'yar manhaja ce mai suna apt-cacher-ng. Ka ɗora ta a kwamfuta ɗaya, sauran su riƙa bi ta kanta. Abin da ta farko ta sauko da shi yana nan a ajiye, ta biyu da ta uku a cikin gida za su ɗauka. Kamar buhun shinkafa ne da aka sayo sau ɗaya daga kasuwa kowane ɗaki yana zuwa ɗiba. Ni a laftof ɗina nake ɗora ta saboda batirinta yana riƙe wuta:

sudo apt install apt-cacher-ng

Ka buɗe fayil ɗin /etc/apt-cacher-ng/acng.conf ka ƙara wannan layin, don ta bar wa adireshi masu https hanya su wuce, in ba haka ba manhajar sabuntawa na iya cewa ta kasa samun labarin sabon zubi:

PassThroughPattern: ^(.*):443$

Sannan sudo systemctl restart apt-cacher-ng. Rubuta hostname -I ka ga lambar da kwamfutar take da ita a kan rawutar gidan, misali 192.168.0.105. A kowace daga cikin sauran, ƙirƙiri fayil mai suna /etc/apt/apt.conf.d/01proxy ka sa layi ɗaya tak, da taka lambar:

Acquire::http::Proxy "http://192.168.0.105:3142";

Duka su kasance a kan rawuta ko mifi ɗaya. Wani abu da wannan dabara ba ta kamawa shi ne manhajojin da ke zuwa a ƙunshin snap, wato waɗanda ake saukowa da su ta wata hanya daban, ba ta apt ba. Firefox ya koma snap tun 22.04, Thunderbird ya bi shi a 24.04, don haka waɗannan kowace kwamfuta za ta sauko da nata. Duk da haka ragowar da za ka samu ba kaɗan ba ce, musamman in ka daidaita ta farko da datar dare mai rahusa.

A kan kwamfutar da za a ɗaga, fara da cike giɓin zubin da take kai: sudo apt update, sai sudo apt full-upgrade, sai ka kashe ka kunna. Duba sarari da df -h; in bai kai giga goma ba ni ban farawa, sai na sa yara sun rage bidiyo. Daga nan:

sudo do-release-upgrade

In ta ce babu sabon zubi, leƙa /etc/update-manager/release-upgrades ka tabbata an rubuta Prompt=lts. Ka kuma sani ba a buɗe wa masu tsohon LTS ƙofa ranar da sabo ya fito; sai an fitar da gyaran farko. Na 24.04, wato 24.04.1, sai a ƙarshen Agustan 2024 ya zo. Akwai hanyar tilastawa ta ƙara -d a ƙarshen umarnin, amma kwamfutar gida ba wurin gwajin ɗanyen kaya ba ce.

Aikin kashi biyu ne, kuma a nan wuta ta shigo. Kashi na farko saukowa ne. Manhajar za ta faɗa maka nauyin kayan ta tambaye ka ko a ci gaba. In intanet ta yanke ko aka ɗauke wuta a wannan lokacin, babu ɓarna, ka sake farawa ta ɗora daga abin da ta riga ta samu. Kashi na biyu shi ne zubawa, inda take cire tsoho tana sa sabo. Wannan ba a katse shi. Yakan ci sa'a ɗaya ko fiye a tsohuwar kwamfuta, kuma in wuta ta tafi a tsakiyarsa za ka tashi da inji rabi tsoho rabi sabo. Laftof mai lafiyayyen batir ba ta da wannan fargabar, in dai ta cika kuma tana jone. Ta tebur kuwa kada ka yarda da cewa ai yau an bar wuta tun safe. Sa ta a inbata, ko ka tayar da janareta ka tabbata akwai mai. Da hunturu ina buɗe akwatinta in hure ƙurar da ta toshe fanka tukuna, domin aikin yana ɗumama inji sosai, kuma kwamfutar da ta yi zafi kashe kanta take yi ba sallama.

Kada ka tafi ka bar ta gaba ɗaya, tana tsayawa ta yi tambaya. In ta ce wani fayil na saiti ya bambanta da sabon, ko a bar naka ko a maye shi, ƙa'idata mai sauƙi ce: in da hannuna na gyara shi ina sane, na bar nawa, in ban ma san da shi ba, a sa sabo. A ƙarshe za ta nemi ta share tsofaffin kayan da ba a bukata, ka amince, sai ta nemi a kashe a kunna.

In ƙaddara ta faɗa wuta ta yanke a tsakiya, kada ka yi saurin goge komai. Sau da yawa tana tashi ko da baƙin allo ne. Danna Ctrl da Alt da F3, shiga da sunanka, ka rubuta sudo dpkg --configure -a, sai sudo apt --fix-broken install, sai sudo apt full-upgrade. Waɗannan ukun kan ƙarasa abin da ya tsaya.

Bayan ta farko ta tashi, bar ta kwana biyu ana aiki da ita kafin ka taɓa ta biyu. A buga takarda a firinta, a kunna sauti, a gwada ko allon rubutun Hausa yana nan, ƙ da ɗ da ɓ suna fita. Manhajojin da ka ɗauko daga waje, irin su Chrome ko wani PPA, wato rumbun manhaja na wani mutum daban, sabuntawar tana rufe hanyoyinsu da gangan; sai ka koma Software & Updates ka buɗe waɗanda kake bukata. In tsohuwar laftof ta yi nauyi, ƙwaƙwalwarta ba ta kai giga huɗun da 24.04 ke so ba, Xubuntu ko Lubuntu sun fi dacewa da ita, sai dai su shekara uku ake kula da su.

Ta uwargida ba na taɓa ta ana gab da Sallah ko ƙarshen wata, lokacin da take bin kuɗi. Kuma da an gama duka, share fayil ɗin 01proxy daga kowace laftof da ke fita daga gida, in ba haka ba ranar da aka kai ta shago za ta yi ta neman kwamfutarka ta ƙi sauko da komai: sudo rm /etc/apt/apt.conf.d/01proxy.