Yadda ake hutun mako guda a jirgin ruwa tsakanin tsibiran Girka

Sau uku ke nan muna haɗa kuɗi da abokai muna ɗaukar hayar jirgin ruwa mai filafilai a Girka, kuma duk zuwan sai na ga sababbin shiga sun faɗa rami ɗaya. Za ka same su sun sha karatun ɗaga filafilai da duba taswira, amma ba wanda ya gaya musu cewa wahalar tana can tana jiransu da la'asar, a bakin gaɓa, lokacin ɗaure jirgi. A nan zan fi tsayawa, don ni ma a nan na sha kunya.

Da farko ka zaɓi teku. Kowa hoton Santorini da Mikonos ya gani, fararen gidaje da shuɗin rufi, sai ya ce can za shi. Kada ka fara. Waɗannan tsibirai suna Tekun Ejiyan ne, inda wata iskar arewa da ake kira meltemi take kaɗawa a watannin Yuli da Agusta, ta kwana uku ko huɗu ba ta lafa ba, kana ɗaure a tasha kana biyan kuɗin haya a banza. Sabon shiga ya nufi yammacin ƙasar, Tekun Ayoniya: Lefkada, Meganisi, Itaka, Kefaloniya. Tsibiran suna kusa da juna, da safe ruwa shiru kamar an shimfiɗa tabarma, sai bayan azahar iskar arewa maso yamma ta taso daidai wa daida, ta kwanta da magariba. Ka sauka a filin jirgin saman Aktion kusa da Preveza, mota ta kai ka garin Lefkada cikin kamar rabin awa. Wata kuwa, Yuni ko Satumba. Agusta na Turawa ne da 'ya'yansu, tsada da cunkoso.

Maganar biza ba zan ja ta ba. Ta Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai, kuɗinta yuro 90 tun 2024, kuma sai ka nuna inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin jinya ta aƙalla yuro 30,000. Ka saka takardar hayar jirgin cikin takardunka, ita ce shaidar masaukinka.

Haya daga Asabar zuwa Asabar ake bayarwa. Dokar Girka ta ce in za ku tuƙa da kanku, sai mutum ɗaya yana da takardar shaidar tuƙin jirgi, da kuma na biyu da ya san aikin. In babu, ku ɗauki kyaftin. Yana cin kusan yuro 200 a rana, abincinsa a kanku, kuma zai cinye ɗaki guda, abin da mutane ke mantawa sai an zo rabon wurin kwana. Jirgi mai tsawon mita 12 ɗaki uku gare shi. Za a ce muku yana ɗaukar mutum takwas, ni na ce shida, in kuna son ku dawo kuna gaisawa. Kafin a miƙa makulli za a riƙe kuɗin ajiya a katinka, yuro dubu biyu ko fiye, ga kuɗin share jirgi da na mai daban. Jaka mai laushi za ka zo da ita, akwatin nan mai taya ba shi da wurin zama.

Ranar karɓar jirgi kowa zumuɗi yake yi. Kai ka bar su, ka tafi goshin jirgi ka gwada injin da ke jan sarƙar anka, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, sama da ƙasa. Ka tambayi tsawon sarƙar da kuma alamomin fentin da ke jikinta, kowane launi mita nawa ne. Ka ɗauki hoton duk wani ƙarzanen da ke jikin jirgin, don kada a ɗora maka shi ranar Juma'a da za ka mai da jirgin.

Tafiyar kanta ba wuya. Jirgin yana yin kilomita tara zuwa goma sha ɗaya a awa, don haka kada ka tsara fiye da awa uku ko huɗu a yini. Daga Lefkada ka bi siririyar mashigar da aka haƙa ta kudu, ka wuce Nidri, ka ga Skorpios, tsibirin da attajirin nan Aristotle Onassis ya auri Jacqueline Kennedy a kansa a 1968. Kallo kawai, ba a sauka. Ka kwana Meganisi, washegari Kioni ko Vathy a Itaka, sannan Fiskardo a arewacin Kefaloniya, ƙauyen da tsofaffin gidajensa suka tsira daga girgizar ƙasar 1953 da ta rusa yawancin tsibirin.

To, ga inda gizo ke saƙa. A ƙauyukan nan ba a jera jirgi gefe da gefe da gaɓa kamar mota a bakin titi. Da baya ake shiga. Ka jefa anka can tsakiyar tasha, ka ja da baya kana sakin sarƙa, ka kutsa tsakanin jirage biyu, ka ɗaure gindin jirgin da igiya biyu a jikin siminti. Anka ta riƙe goshi, igiyoyi su riƙe baya. A baki abu ne mai sauƙi.

Zuwanmu na farko mun isa wata ƙaramar tasha wajen ƙarfe biyar, iska ta gama tasowa tana bugunmu daga gefe. Gurbi ɗaya ya rage. Na jefa anka kusa da gaɓa don ina tsoron sarƙa ta ƙare, na kuma shiga a hankali don ina tsoron buga jirgin mutane. Tsoron biyu duk kuskure ne. Jirgin da ba shi da gudu ba ya jin sitiyari idan yana ja da baya, sai iska ta ɗauke goshinsa ta kwantar da mu a kan sarƙar maƙwabci. Ga mutane cike da gidajen abinci a bakin ruwa, kofi a hannu, suna kallo kamar an buɗe musu majigi. Wani dattijo yana ta ɗaga mana hannu yana magana da Girkanci, abokina na gaba yana ihu ban jin abin da yake faɗa. Sau uku muna fita muna dawowa. Da dare kuma ankar ta sake, don sarƙar ta yi gajarta, muka ji gindin jirgi yana gogar siminti.

Ga yadda ya kamata a yi. Tun kana wajen tasha ka gama shiri: matasan robar da ke kare jikin jirgi daga karo a rataye su gefe biyu, babba ɗaya a baya, igiyoyi biyu a ɗaure a naɗe a hannun masu jefawa, ƙaramin kwalekwalen roba a mai da shi gaba don kada ya shiga tsakaninka da gaɓa. Ka shiga ka zaga sau ɗaya, ka duba inda sarƙoƙin wasu suka nufa. Ka tsaya daidai saitin gurbinka, nisan tsawon jirgi uku zuwa huɗu, wato mita arba'in zuwa hamsin, in iska daga gefe take ka ɗan matsa ɓangaren da take fitowa. Ka fara ja da baya tun daga nesa har jirgin ya soma jin sitiyari, sannan ka ba da alamar sakin anka. Yawancin jirage suna karkata gindi hagu da zarar an sa giyar baya, ka gwada naka a fili tun ranar farko don ka san halinsa.

Mai sakin anka a goshin jirgi kada ya tsayar da sarƙa ko da daƙiƙa ɗaya sai ka ce masa. Yana tsayarwa jirgi zai cije, goshi ya juya, ka koma gidan jiya. Ku yi yarjejeniyar alamun hannu, ƙarar inji ba ta bari a ji murya. Kana isa, igiyar ɓangaren da iska ke fitowa ita ake fara jefawa, ko da yaushe. In an ɗaure biyun, sai a ja sarƙa har ta miƙe tsaf, a bar tazarar kamar mita ɗaya tsakanin jirgi da siminti, don a wasu tasoshin akwai duwatsu a ƙasa da za su ci maka sitiyarin cikin ruwa. Kada kowa ya sa hannu ko ƙafa ya tare jirgi, nauyinsa ya kai tan takwas.

Maganin rabin wannan wahala shi ne sammako. Ka tashi da hantsi, ka yi iyonka a hanya, ka shiga tasha kafin ƙarfe biyu, iska ba ta yi ƙarfi ba, gurbi kuma birjik. A Fiskardo ma biyun ta yi latti a tsakiyar bazara. Akwai kuma hanyar ragwaye, wadda nake bi ba kunya: a Sivota ta Lefkada da Spartochori ta Meganisi wasu masu gidajen abinci suna da gadar katako da igiyoyinsu a shirye, yaronsu zai miƙo maka, ba ruwanka da anka. Sharaɗin kawai ku ci abincin dare a wurinsu.

Da safe in ankarka ta ɗago sarƙar wani, kuma za ta ɗago wata rana, ka jawo ta kusa da saman ruwa, ka zura igiya ta ƙarƙashin sarƙar ka riƙe, ka sauke ankarka ta fita, sannan ka saki kan igiyar ɗaya.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Tankin ruwa 'yan ɗaruruwan lita ne, mutum shida masu alwala sau biyar da wanka za su ƙarar da shi cikin kwana biyu. Ruwan teku mai tsarki ne, hadisin sananne ne, don haka guga da igiya sun wadatar. Alƙibla tana kudu maso gabas, amma jirgi a kan anka juyawa yake yi, gara ka sauka gaɓa. Ba a jefa takarda a masai, wato ban ɗakin jirgi, in ya toshe kai za ka biya. A gidan abinci ka tambaya kafin ka ci tsirensu, suvlaki da giros yawanci naman alade ne, suna ce masa hirino. Ka nemi na kaza ko kifi, amma kifi da kilo ake sayarwa, a auna a gabanka. Lambar gaggawa 112, masu tsaron gaɓa 108, rediyon jirgi tasha ta 16.

Ranar Juma'a da yamma ake mai da jirgi. Ka cika tankin mai da wuri kafin layi ya yi tsawo, mai nutso zai duba ƙasan jirgin, ku kwana a ciki, ku fita da ƙarfe tara na safiyar Asabar. Gogar simintin nan da na ambata, daga kuɗin ajiyata aka cire gyaranta.