Shawara ga mai shirin fara Final Fantasy VII

Salamu alaikum 'yan'uwa. Satin nan na fara buga wasan bidiyo na Final Fantasy VII, na asalin nan da kamfanin Square na Japan ya fitar a 1997 a kan PlayStation, mai faifai uku. Da farko surar mutanen ba ta burge ni ba, hannayen Cloud, jarumin wasan, kamar an jera bulo. Amma kafin awa guda labarin birnin Midgar ya riƙe ni gam.

Babban abokin faɗa na farko wata kunamar ƙarfe ce, Guard Scorpion. Idan ta ɗaga wutsiya sama, kada ka taɓa ta. Rubutun Turancin da ke fitowa a daidai lokacin yana ruɗarwa, sai ka zaci cewa ake yi ka kai hari. Haka na yi, ta feso mana wuta, saura ƙiris Barret, abokin tafiyar Cloud, ya faɗi. Ka yi amfani da wannan tazarar ka sha Potion, maganin dawo da lafiya, in ta sauke wutsiyar ka narka mata Bolt, sihirin tsawa, domin tsawa ta fi cin injina.

Tana faɗuwa kana da minti 10 ka fice daga ginin kafin bam ya tashi. A hanya ka tsaya ka ciro Jessie, 'yar ƙungiyarku, da ƙafarta ta maƙale, in ba ita ba ƙofa ba za ta buɗu ba.

Sannan wasan ba ya adana maka inda ka tsaya da kansa. Duk inda ka ga wurin adanawa, adana, musamman mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama.