Darasi na 7: Nawa Ne Kuɗin Ɗaya?

A Babbar Kasuwar Katsina, mai gero ya ce muku tiya 5 naira 6,000. Na gefensa ya ce tiya 8 naira 9,200. Wanne ya fi araha? Da yawa za su nufi na farko don kuɗinsa bai kai na biyu ba. Kada ku yi gaggawa. Ku fara neman kuɗin tiya ɗaya a wurin kowannensu. (Farashin nan misali ne kawai, ku sa na kasuwarku.)

Ana raba kuɗin ne da yawan kayan:

6,000 ÷ 5 = 1,200
9,200 ÷ 8 = 1,150

Ashe na biyun ya fi sauƙi da naira 50 a kowace tiya. Wani zai raina naira 50, amma idan tiya 40 za ku auna don cika buhu, naira 2,000 ke nan ta rage a aljihunku, kuɗin cefane ne mai kyau.

Idan rabawa tana ba ku wuya, ku bi ta rabi-rabi. Tiya 8 naira 9,200. Rabinta, tiya 4, naira 4,600. Rabin wannan, tiya 2, naira 2,300. Rabi kuma, tiya 1, naira 1,150. Matan da ke saye da sayarwa a cikin gida sun daɗe suna yin haka da ka, rubutawa ce kawai sabuwa.

Da zarar kun san kuɗin ɗaya, sauran duk ninkawa ne. Tiya 3 naira 3,450, tiya 10 naira 11,500. Kaya ya ninka, kuɗi ya ninka. Kaya ya koma rabi, kuɗi ma haka. Wannan tafiya tare ita ce 'ya'yanku ke koyo a ƙaramar sakandare, kuma ba a kan kuɗi kaɗai take aiki ba. Babur ɗin da ya yi kilomita 80 da lita 2 yana yin kilomita 40 ne a lita ɗaya.

Sai dai ku lura da ma'auni. Idan tiyar wannan ta fi ta wancan zurfi, lissafin ya ɓaci tun daga tushe. Haka nan ba kowane kuɗi ke ninkuwa da kaya ba: mai kurar da ya ce naira 500 zuwa tasha zai karɓi kuɗinsa ko tiya 10 ya ɗauko ko 20. Irin wannan a ware shi gefe, a ƙara a ƙarshe.

Aikin gida: Hajiya ta sayi sabulu 6 a kan naira 2,100 a Daura. Nawa ne guda ɗaya? Nawa za ta biya idan guda 10 take so?