Wayifai na rarrafe a tsohuwar laftof mai Linux? Ga abin yi

Fara gwada wayarka a kan wayifai ɗin, in ita ma tana jan ƙafa to laifin rauta ne (na'urar da ke ba da wayifai ɗin) ko layin intanet ɗinka.

In laftof ɗin ce kaɗai, sau da yawa tsarin tattalin batir ne ke shaƙe katin wayifai na cikinta, buɗe taminal (tagar da ake rubuta umarni) ka rubuta sudo iw dev wlan0 set power_save off, amma fa duba sunan katinka da iw dev tukuna don ba kowa ke da wlan0 ba. Sannan buga lspci don ganin irin katinka, in na kamfanin Broadcom ne wataƙila sai ka saka direbansa (manhajar da ke sa katin aiki), ya cika rigima. Tsofaffin katuna da yawa 2.4GHz kaɗai suke kamawa, to shiga saitin rautarka ka mayar da ita tasha (channel) 1, 6 ko 11. In ya ƙi, nemo ɗan wayifai na USB ka maƙala.