Matakan Ceto Ƙwaƙwalwa Idan Jini Ya Daina Isa Gare Ta

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan gudan jini ya toshe wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ɓangaren da toshewar ta fi shafa yakan mutu cikin mintuna, na kewayensa kuwa yakan galabaita ya yi sa'o'i yana jiran jini ya dawo. Wannan galabaitaccen ɓangaren ake fafutukar cetowa a ciwon shanyewar ɓarin jiki.

Daga cikin abin da ke kare shi akwai wani sinadari mai gaggauta aiki, wato inzayim, da ake kira SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1969. Yayin da jini ya ragu, musamman ma a lokacin da ya dawo, wasu gurɓatattun ƙwayoyin oksijin kan yi yawa, su riƙa cin bangon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. SOD ne ke karya lagonsu, sannan wasu inzayim irin su katalas su ƙarasa aikin har abin ya koma ruwa. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna waɗanda ke da SOD mai yawa sun fi samun ƙarancin rauni, sai dai ƙarfinsa yana da iyaka, kuma ƙwayoyin ƙarin lafiya masu ɗauke da sunansa ba za su yi amfani a nan ba, domin ciki yana narkar da shi kamar sauran furotin. Abin da iyali za su iya yi shi ne rage lokacin da wannan garkuwa za ta yi tana fama ita kaɗai.

Da farko a gane alamar. A ce wa mutumin ya yi murmushi, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya maimaita gajeriyar jimla. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya zube, ko harshe ya yi nauyi, a duba agogo nan take a riƙe lokacin. Wanda ya farka da alamar, lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya shi ne abin lissafi.

A kwantar da shi a gefe guda, a sassauta masa tufafi, kada a ba shi ruwa, kunu ko rubutu, saboda haɗiya takan gagara, abin ya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Masu addu'a su yi ta a cikin mota. Kada kuma a ba shi asfirin ko a ninka masa maganin hawan jini, domin fashewar jijiya da toshewarta alamominsu kusan ɗaya ne, hoton cikin kai da ake kira CT ne ke bambanta su, kuma saukar da jini da gaggawa yana ƙara wa galabaitaccen ɓangaren yunwa.

A nufi babban asibiti mai na'urar hoton CT kai tsaye, ba kemis ba, tare da duk magungunan da yake sha. Maganin narkar da gudan jini, tPA, wanda shi ma inzayim ne kuma Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 1996, ana bayar da shi ne cikin sa'o'i huɗu da rabi daga lokacin da alamar ta fara, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba, don haka a kira a tambaya tun ana hanya. A sanar da likita idan akwai zazzaɓi ko ciwon sukari, domin dukansu suna ƙara raunin. Idan majinyacin yaro ne mai sikila, a faɗa tun a ƙofa, domin shi musayar jini ake yi masa cikin gaggawa.