Yadda na gyara tsatsar gilashin baya na a-kori-kurata

Motar tsohuwar Peugeot 504 ce, kuma duk damina ruwa na zubowa bayan kujera. Da na ɗaga robar gilashin, sai na tarar tsatsa ta cinye ƙarfen kusurwoyin ƙasa. Roba in ta tsufa takan bushe ta tsattsage, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta.

Gilashin na fara cirewa, na kankare wurin da burushin waya har farin ƙarfe ya bayyana. Inda ya huje, mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe. Ya ɗiɗɗiga waldar kaɗan-kaɗan yana barin ta huce, don zafi na lanƙwasa ƙarfe maras kauri, gilashi ya ƙi zama. Wani ya ce a cike ramin da fila kawai, wato ƙullun da ake shafawa a toshe rami a jikin mota, na ƙi. Tsatsa ci gaba take yi a ƙarƙashi.

Na shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, sannan fentin mota. Na sayi sabuwar roba, muka zura igiya a cikinta, yaro na danna gilashin daga waje ina jan igiyar daga ciki. Na kwara bokitin ruwa, ko ɗigo bai shigo ba.